Tokar Karan da Ya Kwana a Ruwa

Jiya da hantsi ina bakin murhu ina jin ku, ke Hansatu da ƙawayenki, kuna hira a bayan rumbu. Ɗaya daga cikinku ta ce, "Wai sabulu ma har koyonsa ake yi? Ai toka ce da mai." Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don muryata ba ta taɓa iya ratsa dariyar 'yan mata ba, ko a ƙuruciyata. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. Da girma na koyi haɗa baƙi, a wurin matar liman, bayan furfura ta fito mini, saboda haka a yi haƙuri da hannuna. Wadda ta iya karatu a cikinku ta karanta wa sauran, a hankali.

Gaskiya kuka faɗa, toka ce da mai. Ni ma abin da na ce a raina ke nan lokacin da aka kawo ni gidan nan na tarar da surukata tana wannan sana'a. Duk Haɗeja, daga cikin ganuwa har unguwannin masunta na bakin kogi, Iya mai sabulu ake ce mata. Ita kuwa Amarya take ce mini, kuma ba ta sauya ba har ta koma ga Allah, ko da na yi goyo na yaye.

Aikin farko da ta ba ni wankin tukwane ne. Ba ta bar ni na taɓa toka ba, balle mai, har aka yi girbi aka share gonaki. Kullum ina durƙushe da yashi da soso. Wata rana ta ɗauko wata tukunya da na wanke, ta miƙo mini.

"Amarya, shinshina."

Na shinshina.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Iya."

"To hancin naki na ado ne. Wannan ta taɓa ganin miya. Mai da ita madafa, kada in ƙara ganinta a nan."

A ranar na san cewa tukunyar da gishiri ya taɓa shiga ba a dafa sabulu a cikinta. Tukunyar ƙasa tana shanye abin da aka zuba mata, ta riƙe shi a jikinta, sai ta ji wuta ta fito da shi. Gishiri kuwa tsinka sabulu yake yi. Ku riƙe wannan.

Ranar da ta fara fita da ni ƙona kara, da sassafe ne, kafin iska ta tashi. Mun share wuri mai tauri a bayan gida, ba kan yashi ba, don tokar da ta gauraya da yashi rabinta ƙarya ce. Karan gero take so, na gonar tudu, wanda ya bushe a tsaye kuma ruwan sama bai dake shi ba bayan girbi. Ba a tula shi gaba ɗaya a cinna masa wuta. Kaɗan-kaɗan ake sawa, a bari ya cinye sosai har tokar ta yi fari. Baƙar toka gawayi ce, ba ta da ƙarfi. Idan ta huce sai a kwashe a zuba a randa, a rufe da faifai, a ɗora dutse. Ko raɓa ba a so ta same ta. Na tambaye ta dalili, ta ce ƙarfin toka abokin ruwa ne, duk ruwan da ya fara zuwa shi yake bi ya tafi. Mu kuma so muke ya jira ruwanmu.

Tsiyaya ita ce ruwan namu. Kun san tukunyar nan mai ƙananan huda a gindi. A shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa, a danna toka, a ɗora ta kan wata tukunyar, a dinga zuba ruwa da ludayi. Wadda ta kwara ruwa don ta gama da wuri, ta wanke tokarta ke nan ta zubar. Ɗigon farko ja-ja yake fitowa, kamar fitsarin doki, shi ne mai ƙarfi, daban ake ajiye shi. Na baya yana ta yin haske har ya zama ba komai. Sanin inda za a tsaya kuwa ba aikin ido ba ne. Na harshe ne.

A tsoma ɗan yatsa, a taɓa kan harshe, a tofar. Mai ƙarfi cizo yake kamar cinnaka. Marar ƙarfi lami ne. Tsakanin waɗannan biyun akwai hawa-hawa da yawa, kuma ba wanda zai iya faɗa miki su da baki, sai kin ɗanɗana kin sake ɗanɗanawa, rani bayan rani. Farashinsa shi ne harshen kansa. Lokacin da na zo, na Iya ya riga ya mutu. Ba ta jin daɗin miya, ba ta jin zaƙin zuma. Takan ci tuwo ta ce, "Yau ma an ba ni auduga." Da ta ga na fara rarrabewa sai ta ce, "Madalla. Harshen nan naki nawa ne daga yau. Ki daina ɓata shi da barkono."

Mai kuma na aduwa muka fi amfani da shi, wani lokaci a haɗa da kitse daga mahauta. Wadda ba ta taɓa fasa ƙwallon aduwa ba, ba ta san darajar cikin ludayi ɗaya na man ba. A tsinto, a tsotse ko a jiƙa, a shanya, a fasa ɗaya bayan ɗaya da dutse, a soya, a daka, a tatsa. Duk gidan ke yi, har yara. Aikin rani guda ba ya wuce tulu.

Shi ya sa akwai kasko.

Ɗan kaskon nan baƙi da ke rataye a ɗakina, wanda kike cewa in ba ki ki soya gyaɗa, Hansatu, shi ne kaskon gwaji. Duk lokacin da aka yi sabuwar toka ko sabon mai, Iya ba ta yarda a ɗora babbar tukunya sai an fara dafa ɗan kaɗan a cikinsa. A dafa, a sauke, a bar shi ya kwana. Da zafinsa kowane sabulu kyau gare shi, sai ya huce yake nuna halinsa. Da safe a ɗiba a wanke cikin hannu, inda fata take da laushi. In ya yi zafi, toka ta yi yawa, a ƙara mai. In ya bar maiƙo, a ƙara ruwan toka. Na taɓa ce mata, "Iya, ai karan gonarmu ne, irin na bara." Ta ce, "Bara ke ma ba haka kike ba." Babu toka biyu da suke ɗaya. Wannan ita ce dokar da ta fi kowace a gidan, kuma ban taɓa ganin ta karya ta ba sai sau ɗaya.

'Yan mata da yawa an kawo su koyo a hannunta, na ga shigarsu na ga fitarsu. Ba masu kaifin kai ne suke ɗorewa ba. Mai kaifin kai takan gani sau ɗaya ta ce ta iya, ta daina zuwa ranar tsiyaya sai ranar dahuwa, don ita ce ranar kallo. Waɗanda suka ɗore su ne masu zuwa kullum, masu cewa "ban gane ba" ba tare da jin nauyi ba, masu tuna yadda tukunyar jiya ta yi su gwada da ta yau. Ba a hira a bakin tukunya. Ba a zuwa da yunwa, don hayaƙin yana juya kai. A ɗaure gashi, a ɗaure zani sosai, a kawar da fuska in ana juyawa. Kuma kafin a hura wuta sai an ajiye ƙwaryar ruwan tsamiya a gefe, domin in ruwan toka ya fallatsa a jiki tsami ne yake kashe zafinsa. Idon Iya na hagu fari ne fat. Tana yarinya ta leƙa tukunya, ranar kuma ba a jiƙa tsamiya ba.

Masu sayenmu ma kowa da irin nasa. Ungozoma tana so mai laushi don jarirai da masu jego, shi ne muke ƙara wa mai. Matan masunta suna so mai ƙarfi wanda zai cire ƙarnin kifi. Wanzami ya fi kowa tsegumi, ya fi kowa jimawa a zaure. Fulani sukan kawo nono da man shanu mu yi musaya. A duk tukunyar da ta fi kyau a shekara, Iya takan cire curi ɗaya ta naɗe a tsumma ta sa a ƙasan randar ɗakinta, ta fito da na bara ta sayar. Al'adar masu sana'ar ce. Na wankan gawarta ne. Ta ce ba za a wanke ta da sabulun wata ba.

Yanzu sai shekarar ruwa.

A lokacin ina da yarinya ɗaya, ta fari. Sunanta na yanka ba zai fito daga bakina ba, kun san yadda abin yake. Ladi ake ce mata. Ta fara wayo, tana iya kai saƙo maƙwabta. Ni ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na kiranta, in ta faɗi sai dai wani ya ɗaga ta. Ta Iya ce. A ɗakinta take kwana, a ƙwaryarta take ci. "Ƙawata" take ce mata, su yi ta faɗan wasa.

"Ƙawata, wa ya cinye mini ƙanzona?"

"Ɓera ne."

"Ɓeran nan har da kitso?"

A ƙarshen daminar nan kogi ya cika ya tumbatsa. Ya shanye fadama, ya hau gonakin da ko tsofaffi ba su taɓa ganin ruwa ya kai ba. Gonar maigidan tana cikinsu. Gero ya riga ya fitar da kai, ya kwanta a ruwa ya ruɓe. Masu gonakin tudu da suka tsira ba su yarda su rabu da ko kara ɗaya ba, don gidaje sun zube, kowa yana neman abin yin danga da abin ba dabba. Da ruwa ya janye muka je muka kwaso karanmu daga cikin laka, muka wanke, muka shanya. Ya bushe sarai. Ya ci wuta lafiya. Tokar ta fito fara tas, har ta fi ta kullum kyan gani.

Rani bai yi nisa ba rumbu ya nuna gindinsa. Muka koma sau ɗaya a yini, daga baya kunu ya zama ruwa. Abin da ya rage a gidan mai daraja tulun man aduwa ne guda, na ranin da ya wuce, a rufe da laka.

Maigidan yana da yaya a Birniwa, Asabe, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta daɗe tana roƙon a ba ta Ladi riƙo, Iya tana hanawa, ko da yake ita ma 'yarta ce. Can ruwa bai yi ɓarna ba. Sai ga saƙonta ya sake zuwa. A wannan karon maigidan bai kai maganar wasa ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, ni ina tankaɗe a tsakar gida ina ji.

"Iya, yarinyar nan kullum ƙara ramewa take. Akwai fatake a zango za su yi gabas, ta Birniwa za su bi. In kai ta."

"Ka kai ta ina? Wa ya ce maka na gaji da ita?"

"Ba gajiya ba ce. Hatsi ne babu."

"In hatsi ya shigo fa?"

Ya ce, "In ya shigo kafin su tashi, ta zauna."

Ni ba a tambaye ni ba, kuma ba a tambayar uwa a kan ta fari. Na ci gaba da tankaɗe.

Iya ta yafa mayafi ta tafi zango da kanta. A cikin fataken akwai wani Babarbare, Bukar, da ya saba sayen sabulunta yana kaiwa gabas. Ya taho da dawa daga yamma, inda ruwa bai taɓa ba. Ta dawo ta ce sun daidaita: babbar tukunya cike da sabulu, shi kuma ya sauke mana kayan jaki na dawa, wanda zai kai mu har ruwa ya sauka in an yi tattali. Amma ya ce ba ya kwance mangala don rabin tukunya, cikakkiya ko a bari. Maigidan ya ce a ba shi man kawai a karɓi abin da ya samu. Iya ta ce abin da mai zalla zai kawo ba zai kai mu ko'ina ba, a ci a gama, yarinya kuma ta tafi duk da haka.

Muka ɗora tsiyaya. Ɗigon farko ya fito, na duba launinsa. Na tsoma yatsa na taɓa.

"Yaya, Amarya?"

"Lami ne, Iya."

"Ɗigon farkon?"

"Shi."

Kogi ya riga mu. Karan da ya kwana a ruwa ya ba da ƙarfinsa tun yana gona, abin da muka ƙona ɓawo ne kawai. Iya ta ce a tsiyaye tokar duka, a dafa ruwan ya ƙone ya ragu, ƙarfin zai taru. Haka ake yi, kuma daidai ne. Kwanakin da muke da su suka tafi a nan. Muka tsiyaye har ba sauran toka a randa, muka dafa, ruwa ya yi ta raguwa. Da ya kai cizon da ake so, na leƙa tukunyar. Abin da ke ciki ba zai ci ko rabin man ba.

Wannan da safe ne, fatake kuma jibi da asuba za su ɗaura kaya. Babbar tukunya yini guda take ci a wuta, ta kwana ta huce, a cura, a shanya ta sha iska.

Iya ta shiga ɗaki ta fito da dunƙulen kanwa, wadda take ajiyewa don kunun masu jego. Ta daka da kanta, ta jiƙa, ta tace, ta juye a cikin ruwan tokar har tukunya ta kai inda ake so. Kanwa 'yar'uwar toka ce, wani lokaci takan taimaka. Amma iri-iri ce. Wata gishirinta kaɗan ne, wata kuwa rabinta gishiri ne, kuma ido ba ya rabewa.

"Taɓa," in ji ta.

Na taɓa. "Ya ciza, Iya. Amma ba cizon toka ba ne. Kanwa tana rufe komai, ban iya jin abin da ke bayanta."

"Na sani."

Na sunkuyar da kai. Ba a mai da wa suruka magana, amma ita ta koya mini, don haka na ce a hankali, "Kasko fa?"

"Kasko sai gobe zai ba mu amsa. In mun jira shi, kafin babba ta huce jakuna sun yi nisa." Ta dube ni da idonta mai gani. "Ke ba ki da bakin magana a kan yarinyar nan. Ni ina da shi. Fasa tulun."

Na fasa lakar. Na ajiye ruwan tsamiya a gefe. Ta yi bisimilla ta fara tsiyaya man da hannunta, ni ina juyawa da muciya.

Da farko ya yi kyau. Ya yi kumfa, ya tashi, ya fara duhu, warin da aka sani ya cika gida. Ladi tana zaune a kan turmi can nesa, inda aka ce ta tsaya.

"Iya, in an kawo dawar, tuwo za a yi ko ɗanwake?"

"Ke da ba ki juya ba, ƙanzo za ki samu."

"Ai ke ba kya jin daɗin komai, ki bar mini naki."

Iya ta yi dariya, ta karɓi muciya. Zuwa azahar ya kamata a ce ya haɗe, ya fara kama muciya kamar tuwo, yana barin jikin tukunya. Sai na ga wani ɗan ido na mai ya fito a gefe. Ta juya ya ɓace. Ya sake fitowa, da 'yan'uwansa. Kafin a jima tukunyar ta rabu uku: mai a sama yana yawo, gudaji a tsakiya kamar nonon da ya tsinke, ruwa a ƙasa. Iya ta tsaya da juyi. Ta ce a ƙara wuta. Itace ya ƙare, na ciro karan danga. Ta juya, ta juya, na karɓa, ta sake karɓa. Babu sauran ruwan toka da za a ƙara, ko na ɗigon baya. Da aka yi kiran la'asar ta zare muciyar, ta goge ta da ciyawa kamar yadda take yi kullum, ta jingine ta a bango.

Ku sani, man da ya haɗu da toka ba ya komawa mai. Ba a ci, ba a shafa, ko a fitila tartsatsi yake yi ya mutu. Da safe yana tulu abinci ne. Da yamma ba komai ba ne.

Washegari Bukar ya zo zaure, aka kai masa a ƙoƙo. Ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ajiye. Mutumin kirki ne, bai ce komai a kan sabulun ba. Ya ce, "Iya, shekara ce. Allah ya kawo ta alheri." Ya aiko mana da ƙwaryar dawa sadaka, ya ce akwai jakin da kayansa ba nauyi, yarinya za ta iya hawa.

Da yammacin ranar Iya ta ɗora ruwa. Ta shiga ɗaki, na ji tana taɓa randa. Ta fito da curin nan na cikin tsumma. Ta zaunar da Ladi a kan kujera 'yar tsugunne ta wanke ta tun daga kai har tafin ƙafa, ta tsefe mata kai ta wanke, ta yi mata sabon kitso.

"Iya, wannan sabulun ƙamshi gare shi."

"Na manya ne. Rufe idonki."

Abin da ya rage ta naɗe ta ɗaura mata a bakin zani.

Da gari ya waye maigidan ya ɗauke ta a kafaɗa suka nufi zango. Iya ta raka su har ƙofar gari. Ni ban fita ba, uwa ba ta rakiyar ta fari. Babbar tukunya tana nan da maiƙonta, in ya ƙara kwana ba ya fita. Na ɗebo yashi da soso na durƙusa.

Iya ba ta ƙara riƙe muciya ba. Takan zauna a inuwa ta ce mini ƙara wuta, rage wuta, shi ke nan. Ba ta ga saukar ruwa ba, zafin bazara ya tafi da ita. Da mata suka zo wanka aka duba randa, tsumma ma babu. Daga wani gida aka aro sabulu.

Mun rayu. Da damina ta yi kyau na sami kara na tudu, na fara da kasko, na koma kan sana'a. Masu saye suka dawo ɗaya bayan ɗaya, har wanzami. Aka haifi na baya, har da ke Hansatu. An yi maganar dawo da Ladi sau ɗaya ko biyu, amma wanda ya ci da yaro a shekarar yunwa ba a zuwa a karɓe shi a shekarar ƙoshi. A can ta girma, a can aka yi mata aure.

Sau ɗaya ta zo, lokacin rasuwar mahaifinki. Ke Hansatu kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Doguwar mace, da goyo, maganarta ta koma irin ta can. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, yadda ake gaida manya. Asabe take ce wa Inna. Bayan an watse ta zagaya tsakar gida tana dube-dube, ta tsaya a wurin murhun sabulu.

Ta ce, "Ba na tuna komai na gidan nan sai warin nan. Da wata tsohuwa mai farin ido da ta yi mini wanka." Ta juyo ta dube ni. "Ke kina ina ranar?"

Na ce, "Ina wankin tukunya."

Ta gyaɗa kai, ta gyara goyonta. Da za ta tafi na ba ta curi biyu masu laushi saboda jaririn. Ta yi godiya sosai.

Ban rubuta wannan don a ga laifin Iya ba. Ta san abin da take yi, ta fi ni sani, kuma da kanwar ta zo da gishiri kaɗan da yanzu wani labarin nake ba ku. Abin da nake so ku gane shi ne, wadda ta fi kowa iyawa a garin nan, ranar da ta tsallake kasko, tukunya ba ta san ta ba. Ku da kuke farawa fa?

Gobe akwai sabuwar toka. Wadda take so ta koya ta zo da sassafe, ta ci abinci, ta ɗaure kanta, ta jiƙa tsamiya. Tukwane za ta fara wankewa. Ke kuma Hansatu, ki sauko da kaskon nan daga bango, ki bar barkono daga yau. Jiya na sa zuma a baki, na ji kamar ruwa.